Me Ya Kawo "Do" Cikin Zancen Wanke-wanke?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina yawan jin ana cewa "do the dishes", kuma an gaya mini wanke kwanuka ake nufi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne babu kalmar wankewa a ciki. Shin Turanci ne ingantacce? Daga wata ɗaliba.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Turanci ne ingantacce, kuma idan kika lura za ki ga cewa mu ma muna da irinsa, domin mukan ce "na yi shara" ko "zan yi wanki". Kalmar "do" daidai take da "yi", kuma da ita ake ambaton ayyukan gida na yau da kullum, kamar "do the laundry", wato yin wanki. Ba a bukatar a ambaci wankewa, tunda kowa ya san abin da ake yi wa kwano bayan an ci abinci.

Kalmar "dishes" a nan ba faranti kaɗai take nufi ba, ta haɗa har da kofi da cokali da tukunya, shi ya sa take zuwa a jam'i. Ana sa "the" ne saboda kwanukan sanannu ne ga mai magana da mai sauraro, su ne waɗanda aka ɓata. Abin da ke sauyawa shi ne "do" ɗin: "she does the dishes" idan ta saba yi, "she did the dishes" idan ta riga ta yi. Kada ki sa "make" a gurbinsa, domin "dish" tana kuma nufin nau'in abinci, don haka "make a dish" girki ne.

Inda nake so ki fi yin hattara shi ne bambancin ƙasashe. A Ingila an fi cewa "do the washing-up" ko "wash up", amma idan Ba'amurke ya ce zai je ya yi "wash up", hannu da fuska zai wanke. Haka kuma idan aka cire "up" aka ce "do the washing", an koma zancen tufafi ke nan, kamar yadda ƙaramin sauyi ya raba wanka da wanki da wanke-wanke a Hausa. Shawarata ita ce ki riƙe "do the dishes", domin za a fahimce ki a ƙasashen biyu.