Ɗalibi ya ci lissafi a jarrabawa, amma ya kasa aiki da shi

Tambaya: Ina koyar da aikin lantarki a wata kwalejin fasaha. Da yawa daga cikin ɗalibaina sun ci lissafi a WAEC, amma da zarar aiki ya buƙaci ɗan lissafi, sai su yi cirko-cirko. Ina matsalar take?

Amsa: Malam, ɗalibanka sun iya sarrafa lambobin da aka shimfiɗa musu a takarda, sai dai ba a saba musu da zaƙulo lissafi daga cikin aiki na zahiri ba, balle su waiwaya su duba ko amsar da suka samu ta yi daidai da hankali. Wannan ƙwarewa ce gwajin PISA, wato jarrabawar ƙasa da ƙasa ta ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki OECD, yake aunawa a wurin 'yan shekara 15 tun daga 2000, kuma a ganina ɗakin aikinka ya fi allon aji dacewa da koyar da ita.

Ka ajiye musu batir mai volt 12 da 100Ah (Ah shi ne ma'aunin yawan cajin da batir ke riƙewa), da fanka mai cin watt 60, ka ce su faɗi awa nawa za ta yi tana juyawa. Wanda ya ninka 12 sau 100 ya samu 1,200, ya raba da 60 ya ce awa 20, bai yi kuskure ba, amma aikinsa bai ƙare ba. Batirin ruwa na dalma ba a son a zuƙe fiye da rabin cajinsa, inbata kuma tana cin nata kason, don haka amsar da za a faɗa wa mai gida ba za ta kai awa 10 ba. Wannan mataki na ƙarshe shi ne ake tsallakewa, kuma shi ya fi damuna.

Kada ka karɓi lamba tsirara ba tare da ma'auninta ba. A 1999 hukumar NASA ta Amurka ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter da ta aika duniyar Mars, saboda wani ɓangare na ma'aikatan ya yi lissafin ƙarfin turi da ma'aunin fam, ɗaya ɓangaren kuma ya ɗauka da wani ma'auni daban, wato Newton, aka yi.

Ka kuma sa kowa ya rubuta kintacensa kafin ya taɓa kalkuleta, domin wanda ya yi tsammanin awa goma zai tsaya ya sake dubawa idan na'ura ta nuna masa 200. In da hali, ka zauna da malamin lissafi ku daidaita jadawali, yadda makon da zai koyar da juya ƙa'ida (sauya tsarin fomula don fito da abin da ake nema) zai zo daidai da makon da za ka shiga dokar Ohm, wadda ke bayyana alaƙar volt, ampere da turjiya a lantarki.