Kada ka sayi babbar fankar nan tukuna

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso, na kuma yi farin ciki da gurbin da ka samu a jami'ar KNUST da ke Kumasi. Allah ya sa albarka. Ka ce tsohuwar kwamfutarka ta tebur mai furosesa (ƙwaƙwalwar injin) Core i5-3470 fankarta na ƙugi, da ka buɗe manhajar zane ta AutoCAD kuma sai ta ɗau zafi ta mutu da kanta, shi ne kake shawarar sayen irin doguwar fankar nan mai fitilu a Kano kafin ka taso Kumasi. Ni dai ban ba ka shawarar haka ba. Kuɗin nan za su fi maka amfani a makon farko, lokacin da kake neman ɗaki a Ayeduase ko Kotei.

Furosesarka ta 2012 ce, kuma zafin da aka ƙiyasta mata wat 77 ne kacal. Ƙaramar fankar Intel da ake sayar da ita tare da furosesa an yi ta ne daidai wannan aikin. Kwamfutar da ta yi shekaru tana aiki lafiya da ita, in yau ta fara mutuwa, ba girman fanka ne ya gaza ba. Mafi yawa ɗayan uku ne: ƙura ta toshe tsakanin haƙoran ƙarfen da ke ƙarƙashin fanka mai janye zafi, ko man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen ya bushe ya zama gari, ko ɗaya daga ƙafafun roba huɗu da ke riƙe fankar ta saki, ƙarfen ya ɗan ɗaga. Wannan na ƙarshen shi ya fi yaudarar mutane, domin fanka na juyawa da ƙarfi, ƙarfen kuma da sanyi in ka taɓa, alhali furosesa na ƙonewa a ƙasa. Idan ta doshi digiri 100 takan rage gudu don kare kanta, in abin ya ci tura sai ta kashe wuta.

Saboda haka fara da abin da ba ya cin kuɗi. Zare wuta, cire fankar, ka kaɗe ƙurar da buroshi ko bulowa, amma ka riƙe fukafukan da yatsa kada iska ta juya su fiye da kima. Goge tsohon man da sifirit da tsumma mai tsabta har fuskar ta yi ƙyalli. Sabon man kuwa ɗigo ɗaya ne a tsakiya, kamar ƙwayar wake, matsin ƙarfen shi zai baza shi. Ina yawan ganin injinan da aka lafta wa mai har ya zubo gefen soket, wato mazaunin furosesa, wai don a ƙara sanyi. Aikin man cike ƙananan ramukan da ido ba ya gani ne kawai, yawansa ba ya ƙara komai. Wajen mayarwa, danna ƙafa ɗaya, sannan wadda ke fuskantarta ta kusurwa, har ka ji ƙas. In ka leƙa bayan bod, wato babban allon da aka dasa furosesa a kai, za ka ga baƙin tsinke ya ratsa tsakanin fararen haƙora biyu a kowane rami. Sai ka sa manhajar auna zafi, Core Temp ko HWMonitor, kyauta ne, ka buɗe aikinka mai nauyi. In zafin furosesar yana tsayawa tsakanin digiri 60 da 75, magana ta ƙare.

In kuwa fankar ce da kanta ta gaji, tana kaɗawa ko sai an tura ta da hannu, to saya ya zama dole, kuma a nan ne sanin soket ke ceton kuɗi. Taka LGA1155 ce. Ramukanta tazarar milimita 75 ce, daidai da na 1156 da 1150 da 1151 da 1200, don haka fankar kowannensu za ta hau. Wadda za ka kiyaye ita ce ta LGA775, ta zamanin Core 2 Duo. A ido kamar tagwaye suke, amma tazarar tata 72 ce. Milimita uku ɗin nan su ke sa mutum ya yi ta dannawa har ya karya ƙafa ko ya lanƙwasa bod. Na AMD kuwa wani tsari ne daban, maƙalawa ake yi.

A Adum da kewayen Kejetia za ka sami masu kayan kwamfuta na hannu, kuma fankar Intel ta hannu ba ta kusa da kuɗin doguwar ba. Ka juya ta ka dubi gindinta. Akwai mai alminiyam zalla, akwai mai da'irar jan ƙarfe a tsakiya. Ɗauki mai jan ƙarfen ko da an ɗan ƙara maka kuɗi, domin jan ƙarfe ya fi alminiyam jan zafi nesa ba kusa ba. Ƙirga ƙafafun, ka tabbata babu mai karyayyen haƙori. Wayarta ta zama mai layi huɗu, ita ce bod ke iya rage wa gudu idan babu aiki, abin da za ka gode masa da dare a ɗakin da kuke ku biyu ko uku. Kuma kada ka ji nauyin cewa a jona maka ita ka ji ƙararta kafin ka biya. In yaren Twi ya gagare ka, Turanci na tafiya, 'yan Zango kuma suna ko'ina a kasuwa.

Abu guda ba ka faɗa mini ba: haɗin gida ce ko Dell ko HP? Yawancin ƙananan injinan ofis irin su OptiPlex suna da nasu ƙarfen da ake ɗaurewa da noti, wasu ma bakin wayar fankarsu daban ne. In irin wannan ce, da lambar samfurin za ka nema, daga jikin wata da ta mutu. Doguwar fanka irin Hyper 212 tsayinta ya kusa santimita 16, murfin waɗannan ba zai ma rufu a kanta ba.

Game da zafin gari da kake tsoro, kwantar da hankalinka. Kumasi ba ta kai Kano ba. Ku kuna ganin digiri 40 a Afrilu, mu da wuya mu wuce 35. Namu damshi ne. Ƙurar hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, in ta haɗu da laimar damina sai ta dunƙule ta manne a ƙarfen, bulowa ma sai da taimakon buroshi. Ka ɗora injin a kan tebur, kada ka ajiye shi a ƙasa, ka kuma buɗe shi kowane zangon karatu. Wutarmu bolt 230 ce, bakin soket ɗin bango irin na Najeriya ne, sai dai ka tanadi sitabilaiza, domin nan ma ana ɗauke wuta.

In ta mota za ka biyo, Legas, Kwatano, Lome, Aflao, Akra, sannan wasu kilomita 250 zuwa nan, ga ƙarin dalilin ƙin doguwar fanka: nauyinta na rataye ne a jikin bod, girgizar hanya na iya tsaga shi. Ko ƙaramar ma ka sake duba ƙafafunta in ka iso. Hadis ɗinka (hard disk) kuwa cire shi, ka naɗe a cikin tufafi, ka riƙe a jakar hannu.

Ɗauko mini hoton cikin injin da na takardar da ke manne a bayansa, in gani kafin ka kashe ko sisi. Ka gaida Hajiya da su Baba, ka kuma sanar da ni ranar tasowarka don a tare ka a tasha.