Kewar zamanin da a ƙasashen Turawa ba iri ɗaya ba ce

Malam, ka tambayi abin da Turawa suke kewa a zamanin da, alhali yanzu ma suna cikin wadata. Kewar ta gaske ce, amma kowa da abin da ya rasa.

Ɗauki Detroit a Amurka. A 1950 mutanenta sun haura miliyan 1.8, a ƙidayar 2020 ba su cika dubu 640 ba. A da, mai takardar sakandare kan sami aiki a masana'antar Ford, ya sayi gida, ya riƙe iyali da albashi ɗaya. Yau wasu unguwannin kangaye ne, ciyawa ta cinye ƙofar gida. Duk wanda ya san Kakuri a Kaduna kafin masaƙu su rufe ya san wannan ciwo.

Na mutanen gabashin Jamus, a ganina, ya fi zafi, don ƙasar da aka haife su a cikinta ma babu ita a taswira. Bayan haɗewar Jamus ta Gabas da ta Yamma a 1990 aka sayar ko aka rufe dubban kamfanonin gwamnati, miliyoyi suka rasa aiki. Ba 'yan leƙen asirin gwamnatin Jamus ta Gabas, wato Stasi, suke kewa ba. Aikin da ba a fargabar kora suke tunawa, da gidan renon yara mai arha, har da 'yar motar nan Trabant, wadda sai an yi layin shekara goma ko fiye kafin a same ta.