Ƙanena ka bar birginka a Yauri, kamun kifi a tafkunan Ingila daban yake

Wa alaikumus salam ƙanena, na ga saƙonka tun shekaranjiya aiki ne ya sha kaina. Kace ka samu gurbin digiri na biyu a Coventry za ka taho watan Satumba, kai ɗan Yauri ne a bakin ruwa ka tashi, kuma ka ji ance tafkunan ƙasar nan cike suke da kifi ba mai kamawa, to kana tambaya ko ka taho da birginka da ƙugiyoyi ka riƙa kamawa kana rage kuɗin cefane, in kuma a nan za ka saya me da me ya kamata ka fara dashi. Wallahi sai da nayi dariya don nima da wannan lissafin na sauka a Birmingham.

Maganar kifi ya cika tafki gaskiya ne, amma dalilin cikar shine duk wanda ya kama mayarwa yake yi. Abinda suke kira kos fishin, wato kamun kifin ruwan daɗi wanda ba tiraut ba kuma ba salmon ba, nishaɗi ne kawai a wurinsu. Mutum zai wuni a bakin ruwa ya kamo wani kifi da suke kira kaf mai kilo biyar, ya auna, ya ɗauki hoto yana washe baki, ya lallaɓa shi ya saka a ruwa kamar jinjiri. Ranar da na fara zuwa wani tafki na kamo wani ƙato, na zaro leda daga aljihu zan saka, sai ga mai kula da wurin ya taho da sauri fuskar nan ja. Allah ya taimake ni ya gane rashin sani ne, ya tsaya yayi min bayani cewa kifin nan saya mai tafkin yayi ya zuba, ɗauka ba tare da izininsa a rubuce ba sata ce a doka. Kaga mutumin da ke kan bizar karatu, ka bar gida ka sayar da fili an biya kuɗin makaranta, a ce ka shiga hannun 'yan sanda saboda kifi ɗaya, ai abin kunya ne. Birgi da koma da mamari da gura duk ka manta dasu, ba a yarda ba, fatsa ce kawai, ita ma ba a kafa ta a tafi a barta.

Kafin ka sayi komai sai lasin. Duk wanda ya kai shekara 13 yana buƙatar lasin ɗin hukumar Environment Agency a Ingila da Wales, a shafin gwamnati ake saya ta waya cikin minti biyar, akwai na kwana 1 da na kwana 8 da na shekara, na shekarar fam talatin da wani abu ne. In aka kama ka babu, tara na iya kaiwa fam 2,500. Kuma lasin ba shine izinin shiga ruwan wani ba, wannan daban, a tafkin za ka biya kuɗin wuni wanda suke cewa de tiket, ko ka shiga kulob ɗin masunta na unguwa ka biya na shekara wanda yafi sauƙi in za ka riƙa zuwa. A koguna akwai hutun kifi daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni saboda lokacin ƙwai, amma yawancin tafkuna da magudanan kanal suna buɗe duk shekara, shi yasa nake ce ma da tafki za ka fara.

To kaya. Dan Allah kar ka shiga Angling Direct ko Decathlon ka ga Turawa da kayan dubban fam, da tanti da na'urar da ke ƙara in kifi ya ja, ka rikice. Kai sayi wif kawai, sanda ce doguwa mita 3 ko 4 mara ril (na'urar naɗe zare), a bakinta ake ɗaura zaren, kwatankwacin fatsar gora da muke yi muna yara sai dai wannan ana zuge ta ta koma guntuwa ta shiga jaka ka hau bas da ita. Ana sayar da zaren a haɗe da komai, da ƙugiya da 'yan ƙwayoyin nauyi da filot, filot ɗin shine totuwar karan da muke ɗaurawa ta riƙa yawo a saman ruwa, in ta nutse kasan an ci. Sayi haɗi biyu ko uku don zai sarƙe maka, ba makawa.

Inda namu ke faɗuwa ƙugiya ce. Mun saba da tarwaɗa da giwan ruwa, sai mu nemi ƙatuwar ƙugiya da zare mai kauri kamar na ɗinkin buhu. Kifin nan an kama shi an saki sau ba adadi, ya waye, yana ganin zare mai kauri zai juya. Ɗauki ƙugiya lamba 16 ko 18, a tsarinsu duk sanda lambar ta ƙaru ƙugiyar ƙanƙancewa take, lamba 18 ɗin in ta faɗi a ciyawa ba za ka ganta ba. Kuma mara haƙorin baya, yawancin tafkuna ita suka wajabta don kar a yaga bakin kifi. Zare mai ɗaukar laba 3 zuwa 4 ya isa. Sai ragar kwasa mai mariƙi wadda za ka ɗebo kifi da ita in ya ɗan girma, da 'yar katifar da ake kwantar dashi a cire ƙugiya, da ɗan tsinken roba na zaro ƙugiya in ya haɗiye. Tafkuna da yawa ba za su barka ka zauna ba in babu raga da katifar. Maganar dalma kuma, tun 1987 aka hana amfani da yawancin ƙwayoyin dalma saboda tsuntsayen suwan suna haɗiya suna mutuwa, so kar ka ɗebo irin tamu daga gida, wadda ke shago an riga an yi ta yadda doka ta yarda.

Abu ɗaya da in ka iya shi ka wuce rabin sabbin shiga shine auna zurfi. Akwai ɗan ƙarfe mai nauyi da ake maƙalawa a ƙugiya a saka a ruwa, kana matsar da filot sama ko ƙasa har sai kan filot ɗin kaɗai ya leƙo, kaga kenan abincin zai sauka daidai ƙasan ruwa inda kifin ke kiwo. Kuma ba sai ka wurga nesa ba, gefen ciyayi ko ƙasan bishiya taku biyu daga ƙafarka nan suke.

Abin sawa a ƙugiya, sarki shine tsutsa, magot suke ce mata. Shagon kayan kifi ake sayarwa da awon kofin fayint, akwai fara akwai ja, rabin kofi ya ishe ka wuni. Kusan duk kifin nan na cinta, irin su roc da rad da fac mai zane-zane da ƙaya a baya (kula da ƙayar nan tana suka) da birim mai yauƙi. Ka soka ɗaya ko biyu ta gindinta mai faɗi kaɗan yadda za ta ci gaba da motsi, sannan duk bayan minti biyu uku ka watsa kamar guda shida zuwa goma a kusa da filot, kaɗan kaɗan ba tsayawa, kar ka juye musu duka su ƙoshi su watse. Tanar ƙasa ma tana aiki sosai musamman ga fac. Masarar gwangwani ta Aldi ko Lidl ita ce mafi arha, kaf da wani kifi tenc na sonta lokacin zafi, haka burodi ɗan tsakiyar ka matse a ƙugiya. Akwai garin da ake kwaɓawa a dunƙula a jefa don tara kifi, kamar dussa dai, amma farkon nan ba dole bane. Za kaji suna yabon naman gwangwani irin Spam, to naman alade ne, ni dai bana taɓawa kuma ban ga abinda na rasa ba.

Gargaɗi akan tsutsa, in ta rage sai an sa ta a sanyi in ba haka ba ta zama ƙuda cikin 'yan kwanaki. Ni na saka tawa a firjin gidan haya da muke mu biyar, murfin bai rufu da kyau ba, abinda ya biyo baya har yau in na tuna kunya nake ji, sati biyu wata 'yar gidan bata amsa gaisuwata. Ka sayi daidai wadda za ka ƙarar, ragowar ka watsa wa kifi.

Tunda Satumba za ka zo ka yi sauri ka je sau biyu uku kafin sanyi ya kama, don a Disamba kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi, kaf da tenc sun lafe, sai roc da fac ke ɗan ci, kai kuma yatsunka sun ƙame ko tsutsar baka iya sokawa. Ka duba shirin Let's Fish na Canal & River Trust, suna koyar da sabbin shiga a bakin kanal da kayansu, kaga ka gwada kafin ka kashe ko fam ɗaya. Ka jiƙa hannu kafin ka taɓa kifi, kuma kar ka yawo da irin wuƙar masuntan gida a jaka, dokar wuƙa a nan ba wasa, ɗan almakashi ya isa yanke zare.

In kifin ci kake so, teku ba ya buƙatar wannan lasin, lokacin zafi ana kama taitus da fatsa daga bakin gaɓa a tafi dashi gida, sai dai Coventry tana tsakiyar ƙasa nesa da teku ta kowane ɓangare, kuɗin jirgin ƙasa zai fi na kifin. Gara ka taho da bandar kifi daga Yauri a naɗe da kyau, busasshen kifi ana barin shigowa dashi, kilishi ne dai za su ƙwace a filin jirgi. Ka sako min tarwaɗa ko biyar ce, ni kuma ranar Asabar ɗin farko zan zo in ɗauke ka, ina da wif guda biyu.