Tambayi Likita: Masu Walda da Yaran Shagonsu

Saƙonni kan sana'ar walda sun taru mini, galibi daga ƙauyukan Kano da Jigawa, inda yanzu da wuya ka shiga kasuwa ba ka tarar da mai gyaran garma da amalanke da injin ban-ruwa ba. Na zaɓi biyar, na taƙaita su, na cire sunaye.

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita. Ɗana ɗan shekara 16 yana koyon walda a bakin kasuwarmu. Lafiya lau yake dawowa, ya ci tuwo ya kwanta, sai cikin dare ya farka yana ihu wai an zuba masa yashi a ido, hawaye na ta zuba, ko fitila ba ya so a kunna. Maigidansa ya ce a ɗiga masa madarar gwangwani ko ruwan tumatir, wai in ya daɗe idon zai saba. Gaskiya ne? Daga wata uwa a yankin Ringim.

AMSA: Wa alaikumus salam. Baiwar Allah, ido ba ya sabawa da wutar walda. Yaron ne dai zai saba da wahala.

Abin da ke damunsa ƙuna ce. Cikin hasken nan mai shuɗi-shuɗi akwai wani haske da ido ba ya gani, irin wanda ke cikin rana, shi ke ƙona siririn tantanin da ya rufe baƙin ido. Ga wanda ke tsaye kusa, daƙiƙu kaɗan sun isa. Ciwon kuma ba ya tashi nan take, sai bayan awa 6 zuwa 12, shi ya sa wanda ya yi aiki da rana sai dare ya raba yake jin abin, har wasu iyayen su ɗauka apolo ne. Ki lura, yaron shago ya fi maigida shan wannan azaba. Maigida na riƙe da garkuwar fuska, kuma shi ya san lokacin da zai ɗosana sanda. Yaro kuwa an ce masa "riƙe nan, kau da kai". Kafin ya kau da kan, wuta ta riga ta kama. Ko ya juya baya, in akwai sabon kwano ko farin bango a gefe, hasken na dawowa ya same shi.

Tantanin nan na warkewa da kansa cikin kwana 1 zuwa 3. Ki sa shi a ɗaki mai duhu, ki jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan sanyi ki ɗora masa a kan idon a rufe, ya sha farasitamol, kada ya murza. Da safe a je asibitin da ke kusa, ma'aikacin lafiya ya duba, ya ba shi man ido na kashe ƙwayoyin cuta in da bukata. Madara, tumatir, nonon mai jego, ruwan suga, tozali: ko ɗaya kada ya shiga. Ido a ƙone buɗaɗɗen rauni ne, duk abin da aka ɗiga na iya kai ƙwayar cuta ciki, gyambo ya fito a baƙin ido, ya warke ya bar hakiya.

Akwai magani iri biyu na kemis da nake tsoro fiye da tumatir. Na farko mai kashe zafi nan take, wanda masu walda ke so don yana ba su barci. Yawan ɗiga shi na hana raunin haɗewa, kuma mutum ya daina jin ana ɓarna a idonsa. Na biyu masu ɗauke da dexamethasone ko betamethasone, waɗanda in akwai gyambo sai su ƙara rura shi. Ba a ɗiga su sai likitan ido ya gani.

In ciwon a ido ɗaya ne kawai, ko ya wuce kwana 2, ko gani ya dushe, ko kin ga ɗigon fari ko na tsatsa a baƙin idon, to wataƙila ɓarɓashin ƙarfe ne ya maƙale. Ba a cire shi da tsinken ashana ko harshe ko maganaɗisu. A kai shi babban asibiti a ranar, domin ƙarfe na fara tsatsa a ido cikin sa'o'i. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura ku Dutse, ko Kano inda akwai Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da asibitin ido na ECWA.

Shi kuwa maigida, a gaya masa cikin girmamawa cewa baƙin tabarau na kasuwa ba kayan walda ba ne. Gilashin walda na da lamba a jikinsa, aikin ƙofa da taga da garma na son lamba 10 zuwa 12. Garkuwa ɗaya ba ta isa shagon da ke da mutum uku ba, duk wanda zai riƙe ƙarfe sai da tasa. Sannan farin tabarau mai rufe gefe lokacin ɓanɓare ɓawon walda da jan giranda. Wanda aka damƙa wa ɗan mutane amana, idon yaron na cikin amanar.

TAMBAYA: Likita, injina naɗin gida ne. Da damina, in zan sauya sandar walda sai wuta ta ɗan ja ni, wani lokacin har kafaɗa. Abokan sana'a sun ce wutar walda ba ta kisa tunda injin ya rage ta. Yaya abin yake? Daga mai walda a yankin Hadejia.

AMSA: Malam, tana kisa. Gaskiya ne injin na rage ƙarfin wutar NEPA mai bolt 230, amma ga abin da abokanka ba su lura da shi ba: lokacin da kake cikin walda, ƙarfin wutar da ke bakin sanda na sauka zuwa bolt 20 ko 30. Da ka ɗaga hannu, injin na kunne ba ya aiki, sai ya koma tsakanin 50 da 80. Wato lokacin sauya sanda, da kake ganin hutu ne, shi ne lokacin da wutar ta fi ƙarfi.

Busasshiyar fata na tare wuta sosai. Jiƙaƙƙiya, ko da gumi ne, kusan buɗe mata hanya take yi. In ka kama sanda da hannu mai gumi, ƙafarka cikin silifas a kan danshin ƙasa, ko gwiwarka na kan ƙarfen da kake haɗawa, wutar za ta shiga ta hannu ta fita ta ƙafa ko ta ɗaya hannun, kuma zuciya na kan hanya. Abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ɗaya ba (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke gudana), ya isa ya rikita bugunta, alhali injinka na iya tura amfiya 100. Jan da ka ji har kafaɗa gargaɗi ne.

Yawancin gyaran tun wajen girke injin ake yin sa. A ɗora shi kan busasshen katako a ƙarƙashin rumfa, inda feshin ruwa ba ya kaiwa kuma iska na ratsa shi. Ka samo mai aikin lantarki na gaske ya duba naɗin, ya haɗa gangar jikin injin da wayar ƙasa, ya sa masa makashinsa na kansa a inda hannu ke kaiwa. Cusa tsiraicin waya a soket a danne da tsinke, a bar shi. Wayar da ta tsage har ana ganin jan ƙarfenta ba a ɗaure ta da leda, sauya ta ake yi. Haka mariƙin sanda in robarsa ta fashe.

Wayar da ke mayar da wuta injin ita ce aka fi wulaƙantawa. Sau da yawa za ka ga an jera guntayen rodi da tsohuwar sarƙa a ƙasa, wannan na taɓa wancan, har zuwa wurin aiki, yara na tsallakawa. Kowace mahaɗa a nan wurin zafi ne da tartsatsi, kuma in ɗaya ta goce, wuta za ta nemi wata hanyar, wataƙila ta jikin mai riƙe da ƙarfe. Waya guda mai kauri, da matsi mai kama ƙarfe da kyau, a kankare tsatsa da fenti a kama kusa da inda ake walda. Kai ma za ka ga waldar ta fi kwanciya.

Saura halinka. Busasshiyar safar hannu ta fata, takalmi rufaffe mai ƙasan roba, katako ko tabarmar roba a ƙarƙashinka. Kada ka rataya waya a kafaɗa, kada ka soke mariƙi a hammata don ka gyara ƙarfe, kada ka tsoma shi a ruwa don ya huce. In riga ta jiƙe sharkaf, a sauya. In ana ruwa, a kashe inji a jira.

Ka koya wa yaranka wannan ma: wuta ta kama mutum, makashi ake fara nufa, ba mutumin ba. In ba hali, a ture shi da busasshen itace. In ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, wani na neman mota. Ba a ɗura wa wanda ya suma madara ko manja, huhu za su tafi. Wanda ya farfaɗo ma, in ya suma, ko ƙirji na ciwo, ko zuciya na bugawa barkatai, ko fitsarinsa ya yi duhu, asibiti zai kwana.

TAMBAYA: Na yi aikin ƙafar tankin ruwa da farin fayif a cikin shago. Da dare zazzaɓi ya rufe ni, da rawar ɗari da ciwon gaɓɓai, bakina na ɗanɗanon ƙarfe. Gwajin maleriya bai nuna komai ba, washegari na warware. Sau biyu kenan. An ce in riƙa shan madara kafin aiki. Daga yankin Wudil.

AMSA: Ɗan'uwa, alamun nan sun yi daidai da zazzaɓin hayaƙin ƙarfe. Farin fayif da kwanon rufi an lulluɓe su da sinadarin zink don kada su yi tsatsa. In wuta ta taɓa shi sai ya tashi da farin hayaƙi mai kauri, ya bar farin gari a gefen waldar, ka san shi. Shaƙarsa ke kawo zazzaɓin bayan 'yan sa'o'i, ya tafi cikin kwana 1 ko 2. Ka kyauta da ka yi gwaji, don a ƙasarmu ba a raina zazzaɓi. Madara kuwa ciki take tafiya, hayaƙi huhu. Sha don daɗi, amma ba kariya ba ce.

Wannan zazzaɓin shi ne mai sauƙin. A 2017 cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin walda cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansar huhu. Cikinsa akwai manganis, wanda shaƙarsa shekara da shekaru ke iya taɓa ƙwaƙwalwa ya kawo rawar hannu, kuma masu walda sun fi sauran mutane kamuwa da nimoniya. Tsohon fenti ma na iya ɗauke da dalma.

Fitar da aikin waje. Ka tsaya yadda iska za ta ratsa ta gefenka, kanka kada ya kasance a saman hayaƙin. Ka goge zink da fenti daga inda za ka haɗa kafin ka kunna wuta. Hankici ko rawani ba sa tare wannan hayaƙi, nemi takunkumi mai lamba N95 ko FFP2 wanda ke manne wa fuska. In da janareto kake aiki, shi ma waje, nesa da ƙofa, domin iskarsa mai kisa ba ta da wari. In kana shan taba, ka haɗa wa huhunka biyu. Numfashi ya yi wuya, ko zazzaɓi ya wuce kwana 2, ka je asibiti. Tari ya wuce mako 2, a gwada tarin fuka, maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati.

TAMBAYA: Ana kawo mini tankin babur ko duron fetur a ce in toshe ko in yanka. In na ɗauraye da ruwa ya isa? Daga yankin Bichi.

AMSA: Bai isa ba, Malam. Tururin da ya rage ne ke fashewa, kuma ɗan man da ya maƙale a lungu ko cikin tsatsa ya isa ya cika duro da tururi da zarar ƙarfe ya yi zafi. Duron da ya shekara a ajiye ma bai tsira ba. Shawarata ka mayar da aikin, kuɗinsa bai kai ba.

Tunda an zo maganar ƙuna: rigar ƙwallo da yadin roba narkewa suke su manne a fata, auduga mai kauri ce kayan walda, mai dogon hannu, wando a kan takalmi. In an ƙone, ruwa mai sanyi a kai har minti 20, a cire zobe da agogo, a rufe da tsumma mai tsabta. Ban da man goge baki, ɗanyen ƙwai da baƙin mai. Ƙunar fuska ko hannu ko wadda ta fi tafin hannu faɗi ta asibiti ce, a can a tambayi allurar tetanus.

TAMBAYA: An buɗe shagon walda a ƙofar gidanmu. Yara na taruwa kallo, matata kuma na da juna biyu. Akwai illa? Daga yankin Gumel.

AMSA: Alhaji, hasken ba ya ratsa ciki ya kai ga jariri, hankalinku ya kwanta ta nan. Hayaƙin dai ta nisance shi, kada ta zauna inda iska ke kaɗo shi. Yaran ne abin ji, don hasken na jan su kuma su ba sa kau da kai. Wanda ke cikin tazarar mita 10 yana ƙura ido zai iya kwana da ciwon da na bayyana a amsar farko. Ka sami mai shagon a matsayin maƙwabci ka roƙe shi ya kange wurin da tsohon kwano da aka shafa wa fenti mai duhu, tsayinsa ya wuce kan mutum, da 'yar tazara a ƙasa don iska. Zana da buhu ba su dace ba, tartsatsi na cinna musu wuta. In akwai kara ko harawa a jingine kusa, a matsar da su, kuma ya ajiye bokitin yashi, ya zagaya wurin kafin ya rufe shago, don tartsatsi na iya daɗewa yana ci a ɓoye.