Tambaya da Amsa: Fedar murya a wajen biki da dandamali

Wasiƙun wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suka zo, wato feda, ƙaramin akwatin nan da mawaƙi ke ajiyewa a gaban ƙafarsa yana takawa, ya sa wa murya eko ko ya daidaita ta. Mun zaɓi shida daga cikin garin Kaduna, mun taƙaita su, masu haɗa sautin da ke kula da wannan fili suka amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Waƙar biki nake yi. A situdiyo muryata sumul take fita, amma a wajen taro sai ta fito a bushe. Wace feda zan saya? Abokina mai jita ya ce zai ara min tasa. Daga wani mawaƙi, Rigasa.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka gode wa abokinka, amma tasa ba za ta yi maka ba. Makirfo irin Shure SM58 sautin da yake fitarwa ba shi da ƙarfi, kuma ta waya mai haƙori uku yake bi, wadda ake kira XLR. Fedar jita kuwa jak take karɓa, wato kan waya mai tsinke ɗaya, kuma ba ta da abin da zai ɗaga sautin makirfo. Ko ka samu kan waya ka haɗa su da dabara, murya za ta fito can ƙasa, da shuuu a bayanta.

Cikin waɗanda aka yi domin murya, ka fara duba abin da kake nema. In eko da ɗan gyaran murya kawai kake so, TC Helicon Mic Mechanic 2 ta wadatar: maɓallan murɗawa uku ne, tana aiki da batir AA guda 4, kuma da kanta take saita ƙarfin shigar makirfo. In kuwa muryar nan mai karyewa ta waƙoƙin fim kake nema, wadda ta samo asali daga manhajar Auto-Tune da kamfanin Antares ya fitar a 1997, to VoiceTone C1 ko Zoom V3 ne ke yin ta. Boss VE-20 kuwa batir 6 take ci, tana ƙara muryoyin rakiya, kuma ana iya ajiye saitin kowace waƙa a cikinta. A ganinmu mai farawa ya ɗauki mai ƙarancin maɓalli. Ana tsaka da biki ba wanda ke da lokacin durƙusawa yana laluben allo.

In ta hannu za ka saya, ka tafi da makirfonka da wayarka a gwada a gabanka, ka murɗa kowane maɓalli ka ji ko yana ƙarƙar, ka taka madannin sau da yawa, sannan ka tabbatar adaftarta ta asali na nan.

Tambaya: Na sayi feda, amma duk sanda na haɗa ta sai sifika ta kama kuka mai huda kunne. Yanzu masu kiɗan Dije (DJ) da sun hango ni da ita sai su ɓata rai. Ko ta jabu aka sayar min? Daga wata mawaƙiya, Tudun Wada.

Amsa: Hajiya, da wuya a ce jabu ce. Kukan nan yana tashi ne in sautin da ya fito daga sifika ya sake komawa cikin makirfo, aka sake ɗaga shi, ya yi ta zagaye. Feda ba ta ƙirƙirar kukan, amma tana sauƙaƙa masa hanya, musamman in an ɗaga ƙarfi sau biyu, sau ɗaya a cikinta, sau ɗaya a mikisa.

Ga yadda ake haɗawa. Dije ya sauke layinki ƙasa gaba ɗaya tukuna, don kada fas ɗin da ake ji wajen jona waya ya ƙona ƙaramar sifikar sama. Waya ta farko daga makirfo zuwa ramin da aka rubuta Mic ko In, ta biyu daga Out zuwa ramin makirfo na mikisa. Ki kashe duk wani eko. In fedarki na da maɓallin Gain, mai saita ƙarfin shigar makirfo, ki rera baitin da kika fi ɗaga murya a cikinsa, da ƙarfin da za ki yi shi gaban jama'a. Nan mutane da yawa ke kuskure: su yi raɗa a makirfo wajen gwaji, a saita a kan haka, in waƙa ta yi zafi sai komai ya fashe. Ki murɗa har fitilar ta tsaya a kore, tana ɗan taɓa rawaya jefi-jefi. Da ta nuna ja, ki koma baya. Sai bayan nan Dije zai saita nasa, ya kuma danna maɓallin yanke ƙasa, wanda ke zubar da abin da bai kai 80 ko 100 Hz ba, tunda muryar mace ba ta da komai a can sai gurnanin dandamali da iskar baki.

Abu na gaba, ki roƙe shi ya mayar da ekon mikisa sifili a layinki. Da yawan Dijojinmu ekonsu a buɗe yake kwana, to in nasa ya hau kan naki ba mai gane abin da kike faɗa.

In har yanzu tana kuka, ki kashe maɓallin Tone. Aikinsa ya matse murya mai ƙarfi ya ɗago mara ƙarfi, sai dai bai san muryarki daban da sautin sifika ba, duka yake ɗagowa. Sannan ki duba tsayuwarki. Kada ki wuce gaban manyan sifikoki, ko da kuwa mai liƙi kike bi. SM58 da Sennheiser e835 ta bayansu ne ba sa ji, don haka sifikar ƙasa da kike jin kanki da ita ta kalli gindin makirfo kai tsaye. Beta 58A kuwa yana ɗan ji ta baya, sai a karkatar da ita gefe kaɗan. Kada ki dunƙule hannu a kan ragar makirfo. Ramukan da ke bayan kan ne ke hana shi jin abin da ke bayansa, in kin toshe su ya koma mai ji ta ko'ina. Ki riƙe shi a jiki, tazarar yatsa biyu daga leɓe. Duk sanda kika rage tazarar da rabi, muryarki na ƙaruwa da kusan dB 6 ba tare da an taɓa mikisa ba, kuma wannan ƙarin ba ya jawo kuka.

Yawan ekon kuma wuri ne ke yanke shi. Ɗakin taro mai tayil da gilashi yana da amonsa tun kafin ki zo, don haka maɓallin Reverb, mai sa murya amo kamar a babban zaure, kada ya wuce inda hannun agogo ke nuna ƙarfe 9. A fili ƙarƙashin rumfa kina iya kai shi ƙarfe 11. Ekon da ke maimaita kalma dole ya bi kiɗa. In akwai Tap, ki taka shi sau 4 tare da bugun ganga. In lamba ake sawa, ki raba 60,000 da yawan bugu a minti: kiɗa mai bugu 120 zai ba ki milisakan 500, mai bugu 100 ya ba ki 600. Maimaici ɗaya ko biyu ya isa. Kuma da kin zo kirari ko kiran sunan uwar amarya, ki taka ki kashe shi. Mai biki ya kira ki ne don a ji sunansa da na iyayensa raɗau.

Tambaya: Salama. Ni ke jagorantar mawaƙa a majami'armu. In na kunna gyaran murya ko muryoyin rakiya, wani lokaci daɗi, wani lokaci sai ta ja ni wani wuri daban, muryar tana rawa. Me ke kawo haka? Daga Sabon Tasha.

Amsa: Salama, ɗan'uwa. Ka fara da mai fiyanonku. Fedar tana buƙatar sanin kiy ɗin waƙa, wato matakin sautin da aka ɗora ta a kai, kuma masu fiyano da yawa a C hannunsu ya saba, sai su danna Transpose su hau ko su sauka. Ka tambaye shi ya ce maka C yake bugawa, alhali ya ƙara 2, abin da ke fita daga sifika D ne. In ya ƙara 5, F ne. Ka leƙa allonsa da idonka kafin ka saita. In waƙar mai sanyi ce ta Minor, fedarka kuma Major kawai ta jera, ka ƙirga madanni 3 zuwa sama har da baƙaƙe: A Minor ka sa C, D Minor ka sa F, E Minor ka sa G. Waƙar da ke hawa kiy a baitin ƙarshe kuwa, ko ka ajiye mata saiti biyu, ko ka mayar da gyaran a Chromatic, inda kowane madannin fiyano 12 halas ne. Masu bin jita, irin su Harmony Singer 2 da Boss VE-2, suna sauƙaƙa wannan, domin daga wayar jitar suke gane inda waƙa ta dosa.

Ka kuma san cewa fedar ba ta san waƙar ba. Sautin da ya fi kusa da inda muryarka ta sauka take kai ka. In ka kauce kaɗan, ta dawo da kai. In kaucewar ta wuce rabin tazarar da ke tsakanin sauti biyu, ta miƙa ka ga na maƙwabci, ta tsayar da kai a kansa daram, kuskuren ya fi na da fitowa fili.

Rawar muryar kuma yawanci daga abin da ke kutsowa makirfo ne. Murya ɗaya tak take iya bi. In ku biyu kuka sa baki a makirfo ɗaya, ko kana tsaye dab da ganguna ko sifikar fiyano, sai ta ruɗe tana tsalle tsakaninku. Ka matsa nesa da su, ka kusanto da makirfo. Maɓallin saurin gyara ka bar shi ƙasa da rabi in murya ta mutum kake so. Muryoyin rakiya kuma a amshi kawai za ka taka su, kuma su zauna ƙasa da taka sosai.

Tambaya: Ni sha'iri ne, bege nake yi da mandiri, babu fiyano. Gyaran murya zai amfane ni? Daga Kawo.

Amsa: Malam, ka kashe shi. Ba ka da kayan kiɗan da ya ɗaure ka a kiy ɗaya, inda muryarka ta tashi nan waƙar take. Ƙari a kan haka, karin da ake arowa daga Larabawa, irin Bayati da Rast, yana da sautukan da ke faɗawa tsakanin madannin fiyano biyu, kuma fedar kuskure za ta ɗauke su ta miƙe su. Lanƙwasar da ke sa masu sauraro kabbara ita za ta fara gogewa. Haka abin yake ga mai waƙa da goge ko gurmi, tunda da kunne ake ɗaure tsirkiyarsu. Ɗan amo kaɗan ya ishe ka, in kana son kauri ka ƙara Double, mai ninka murya. 'Yan amshinka dai suna nan a kan aikinsu, don feda ba ta buɗe baki sai ka buɗe.

Tambaya: Makirfona mara waya ne. Ina zan sa fedar? Daga Unguwar Rimi.

Amsa: Bayan akwatin da ke karɓar sautin. Ka ajiye shi kusa da inda kake tsayawa, gajeriyar XLR daga shi zuwa feda, doguwa daga feda zuwa mikisa. In bayansa akwai makunni mai Mic da Line, ka sa a Mic, in ba haka ba sautin zai fi ƙarfin fedar ya fashe. Akwatin da ke ɗaukar makirfo biyu, ka guji ramin da ke haɗe su wuri ɗaya, kada mai gabatarwa ya tashi sanar da isowar ango da muryar waƙar fim.

Tambaya: Tawa ta mutu bayan an tayar da janareta a wajen wani biki. Na samu wata, ina tsoron ta bi sahu. Daga Barnawa.

Amsa: Abu uku za ka karanta a jikin adafta, ka gwada da abin da aka rubuta a jikin feda: yawan bolt, yawan mA, da ɗan zanen da ke nuna ko tsakiyar bakin ragi (−) ne ko ƙari (+). Na Boss 9V ne mai ragi a tsakiya, VoiceTone C1 kuwa 12V take sha. Bolt da zanen dole su zo daidai, mA kuwa ya kai abin da ake so ko ya fi. Adaftar dikoda ko ta rawuta tana iya shiga ramin tsaf, amma yawancinsu ƙari ne a tsakiya, kuma hakan na iya ƙona feda nan take. Araha ba ta ado. Kayan da suka zo daga Amurka ka duba ko an rubuta 100 zuwa 240V. In 120V kawai ka gani, wutarmu 230V ce, kada ka jona.

A wajen taro batir ya fi kwanciyar hankali. Yawancin fedojin nan in wuta ta yanke murya ma yankewa take, kuma sai sun ɗauki 'yan daƙiƙu kafin su farfaɗo. Ka sa sabon alkalin ko mai caji kafin kowane wasa, ban da batirin tocila mai arha, ka kuma cire su in ka koma gida don kada su yi ruwa su cinye ƙarfen. In dole sai adafta, ka zare ta kafin a tayar da janareta, sai ya daidaita ka mayar.

In kana jin huuum a sifika, ka jona adaftar a soket ɗaya da mikisa, ka raba wayar makirfo da wayoyin wuta, in akwai maɓallin Ground Lift ka danna. Da hunturu ƙura kan sa maɓallai ƙarƙar. Feshin wanke kayan lantarki ake sa musu kaɗan a murɗa sau da yawa, ba fetur ba, ba man keken ɗinki ba. Amma in ragar makirfo ta ɗan ja ka a leɓe, wannan ba matsalar feda ba ce: wayar ƙasa ta mikisa ko ta amfilifaya ce ta tsinke, ko an karye haƙorin filogi na uku. Ka ajiye makirfon, a kashe kayan, a kira mai gyaran wuta kafin a ci gaba.