Amsa ga Malamar da aka ba CCA babu ko kwalin fenti

Salamu alaikum. Malama na ga tambayarki tun daren jiya, kin ce kin yi NCE a Fine and Applied Arts, an tura ki ƙaramar sakandare an ce ki riƙe CCA, wato darasin al'adu da zane-zane, daga aji 1 zuwa 3, babu ɗakin zane babu kayan aiki, kina neman ta inda za ki ƙaro ilimi da kuma damar da yara masu baiwar zane suke da ita in sun gama. Na ga har wasu sun ce miki ki canza layi kawai wai zane ba ya kai mutum ko'ina. To ni shekarata 19 ina koyar da shi, bari in faɗa miki abin da na gani.

Ƙanwata, kar ki zauna jiran wokshop ɗin gwamnati. Akwai shi, UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, na ware kuɗin horar da malamai ta hannun SUBEB, takwararta ta jiha, amma yawanci lissafi da Turanci da kimiyya ake kira, mu sai an tuna da mu. Sau biyu na taɓa shiga, na biyun ma kwana uku muka yi muna kallon mutum yana karanta mana abin da ke jikin bango, ba wanda ya taɓa buroshi, aka ba mu lemo da mitfai da kuɗin mota aka sallame mu. In an kira ki ki je, satifiket ɗin yana amfani ranar intabiyun ƙarin girma, amma ba can hannunki zai faɗa ba.

Abin da ya fi cutar malamin zane shi ne ya daina zane. Ni ya same ni. Wajen shekara huɗu ban da rubuta ma'anar layi da launi a allo ba abin da nake yi, yara su kwafa su haddace su ci jarabawa, ranar da wani yaro ya ce Malam zana mana doki wallahi sai da na ji kunya, hannuna har rawa yake. Daga nan na sayi littafin zane na sa wa kaina dokar shafi ɗaya kullum, ko butar alwala ce, ko takalman da ke ƙofar masallaci. Kuma hutun ƙarshen shekara na tafi marina na zauna wajen wani dattijo sati uku ina ɗauraye masa zani. A can na ga yadda ake haɗa baba da toka a bar shi ya kwana ya kwana har ya nuna, a tsoma farin yadi ya fito kore-kore, iska na bugunsa yana komawa shuɗi a gaban idonka. Na yi wannan a takarda a kwaleji na ci maki, amma ban san shi ba sai ranar. Karofin Ƙofar Mata a Kano ana cewa tun 1498 yake, kuma har yau in kin je da ladabi za su nuna miki. Haka dukawa, haka masu ɗinkin hula da masu aska takwas a wuyan riga, haka matan da ke ginin tukwane. Ladi Kwali da ke bayan naira 20 ai a gida ta koyi ginin tukunya kafin a 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da wani Bature Michael Cardew ya buɗe a garin da yanzu ake kira Suleja, kuma ƙwarewar gidan ce ta kai ta Ingila da Amurka. Ki nuna wa yaranki takardar naira 20 ki ba su labarin, darasi guda ne cif.

Ta fannin takarda kuma, ki yi rajistar TRCN, hukumar yi wa malamai rajista, in ba ki yi ba, sannan ki sa digiri a gaba don mai NCE akwai lebul ɗin da zai kai ya tsaya. Da NCE ɗinki za ki iya neman DE, wato shiga jami'a kai tsaye, ki fara daga aji 2. ABU Zariya na da Fine Arts na da Industrial Design inda ake yin tangaran da yadi da girafiks, kuma makaranta ce mai tarihi a wannan fanni, a nan manyan masu zane su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Demas Nwoko suka kafa ƙungiyarsu a 1958 suna ɗalibai, tun kafin wurin ya zama jami'a a 1962, hujjarsu ita ce a koyi dabarar Bature amma a zana abin gida. Shi Onobrakpeya tun 1998 yake shirya Harmattan Workshop a Agbarha-Otor ta jihar Delta, a nan kam aiki ake da hannu, akwai nisa akwai kuɗi amma in kin samu hali ko sau ɗaya ne ki je. Ki kuma nemi reshen Society of Nigerian Artists na jiharku ki shiga, yawancin labarin gasa da baje koli ta bakin 'yan uwa ake jin sa, ba ta ofis ba.

Maganar kayan aiki, kar ki kai wa firinsifal lis na dubu ɗari, aljihun tebur zai jefa shi. Ki sa yara su kawo siraran itace, a fere a yanka kamar tsawon yatsa, a cika gwangwanin madara a rufe a huda murfin ƙaramin rami, a ɗora a kurfoti har hayaƙi ya daina fita, in ya huce kin samu gawayin zane na aji guda. Takardar buhun siminti ta ciki tana karɓar gawayi sosai. Koko na sitaci shi ne gam ɗinmu, yumɓu kuma bakin rafi. In za ku yi rini da kalar kasuwa, sinadaran rinin, soda da haidiro, ke da kanki za ki haɗa da safar hannu, a waje, kar ki bar yaro ya taɓa, na taɓa ganin yadda soda ta yi wa yatsun wata yarinya. Ranar rabon sakamako ki ɗaura igiya a baranda ki rataye aikinsu da sunan kowa a ƙasa. Shekarar da na fara haka, taron PTA na gaba iyaye da kansu suka saya mana fenti katan biyu.

Za ki haɗu da iyayen da za su ce zane haramun ne. Ni ba malamin addini ba ne kuma ba na jayayya da uba kan ɗansa. Wani mahaifi ya taɓa zuwa har ofis da littafin yaronsa a hannu ransa a ɓace, na ba shi kujera na fito masa da zayyanar allo da yaron ya yi, da dagin Arewa da zanen bango irin na gidajen birnin Zariya, na ce Alhaji in ka yarda wannan kaɗai zai riƙa yi a ajina. Ya daɗe yana juya takardar sannan ya ce to. Yaron nan yanzu shago gare shi, yana haɗa katin biki da banar talla da tambarin kamfanoni a kwamfuta, yara uku ke aiki a ƙarƙashinsa.

Su ɗaliban kuma, wanda kika ga da gaske yake ki kama shi tun aji 3 kafin ya zaɓi darussan babbar sakandare, don akwai Visual Art a WAEC da NECO kuma akwai Art a JAMB, sai dai makarantu da yawa ba sa yi wa yara rajistarsa saboda babu malami, yaro sai ya zo cike fom ya tarar ƙofar ta rufe. Ki zauna da shi ku duba ƙa'idar kwas ɗin a littafin JAMB tun da wuri. Kowane yaro ki buɗe masa folda ta kwali, duk aiki a rubuta kwanan wata a baya, ki ɗauki hotonsa da waya a hasken safe ba filasha, saboda gasa yanzu kusan duk hoto ake turawa ta intanet. In sun girma akwai irin gasar zane ta LIMCAF ta Enugu da ake yi wa matasa tun 2007. Amma duk gasar da aka ce yaro ya fara biyan kuɗi mai yawa kafin a duba aikinsa, ki yi hattara da ita.

Yaran naki su nawa ne a aji, kuma minti nawa aka ba ki a sati? In sun haura 80 kamar nawa, raba su za ki yi gida-gida, ki faɗa min in turo miki yadda na tsara zangon farko.